TOKA, GISHIRI DA TSATSA: SAU NAWA YA KAMATA A GOGE BINDIGA?

 Ga shirin Kimiyya na wannan mako.

Akwai wata tambaya wadda maharbi da soja da ɗan sanda duk sun taɓa yi, watau sau nawa ya kamata a goge bindiga. Wani ya ce kullum, wani ya ce sai an harba ta, wani kuma ya ce bindigar zamani ba ta bukatar shafa sam. Amsar ba ta fitowa sai an san abin da ke cin ƙarfe, da yadda ya ke cinsa. Domin a gane wannan, shirin yau zai leƙa birnin New York na ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana fama da wannan al'amari.

BIRNI A BAKIN RUWAN GISHIRI

New York birni ne na bakin teku. Yawancinsa bisa tsibirai ya ke, kogin Hudson kuma a nan ya ke shiga tekun Atlantika. Da bazararsu akwai zafi da laima, da hunturunsu kuwa ƙanƙara ta kan sauko, hukuma ta bi tituna tana watsa gishiri domin ta narke. Saboda haka ƙarfen da ke wannan birni ba ya rabuwa da danshi da gishiri.

'Yan sandan birnin sun haura 30,000. A 1895 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya zama shugaban hukumar da ke kula da su. Ya tarar ko wane ɗan sanda da irin bindigar da ya samo wa kansa, da yawansu kuma ba su iya harbi ba. A zamaninsa aka buɗe makarantar koyon harbi, a 1896 kuma aka zaɓi libarba iri ɗaya, ƙirar kamfanin Colt. Tun 1960 rundunar ta ke da filin harbi a Rodman's Neck, wani ɗan zirin ƙasa da ya kutsa cikin ruwa a gundumar Bronx, ƙa'idarta kuwa ita ce ko wane ɗan sanda ya je a gwada harbinsa sau biyu a shekara. A farkon shekarun 1990 aka soma barin libarba ana komawa ga bindigar hannu mai ɗura kanta, aka kammala wannan sauyi a 2018.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan 'yan sanda su kan gama aikinsu har su yi ritaya ba su taɓa harbin mutum ba. Bindigar tana rataye a ƙugu cikin ruwa da rana, wata da watanni ba a taɓa kunamarta ba. Amma ran da aka bukace ta, ba ta da damar ƙin tashi ko sau ɗaya. Haka kuma ta maharbin da ya yi arba da ɓauna ko gyadon daji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MAƘIYI NA FARKO: TOKA

Bindiga ba kome ba ce illa bututun ƙarfe wanda a ke ƙona albarushi a cikinsa. Albarushin ya kan zama iska mai zafi farat ɗaya, iskar ta tunkuɗa harsashi waje. Ƙarfin wannan tunkuɗa ba kaɗan ba ne. A cikin bindigar hannu irin ta 'yan sandan New York ya kan kai fam 35,000 bisa ko wane inci murabba'i, watau kamar ninki dubu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota.

To, albarushi iri biyu ne. Akwai baƙin albarushi na dā, wanda maharba ke ɗura wa bindigar toka har yanzu. Cikin kashi 100 nasa, wajen kashi 75 wani gishiri ne mai suna salfita, 15 gawayi, 10 farar wuta. Sa'ad da ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, sai ya zama hayaƙi da toka. Cikin tokar nan akwai dangin abin da ke cikin ruwan tokar da mata ke tacewa, akwai kuma saura na farar wuta. Wannan toka tana da ƙishirwa ƙwarai, tana zuƙo danshi daga iska. In aka bar ta ta kwana a bututu da damina, kashegari sai a tarar ta yi laushi, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya soma ja.

Na biyu shi ne albarushi marar hayaƙi, wanda wani masanin Faransa, Paul Vieille, ya haɗa a 1884. Shi kusan dukansa ke ƙonewa, abin da ya ke bari kaɗan ne. Duk da haka ya kan bar baƙin kunkunniya, harsashin kuma ya kan goge dalma ko jan ƙarfe a jikin bututu yayin da ya ke wucewa. A cikin bututun bindigar zamani akwai waɗansu tsagogi da aka murɗa kamar igiya, su ne ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa, ya tafi sak. In datti ya cika tsagogin nan, saiti ya ɓaci. In kuma ya taru a mazaunin harsashi, kwanson da aka harba sai ya maƙale ya ƙi fita.

MAƘIYI NA BIYU: GISHIRIN DA BA A GANI

Bayan da aka koma ga albarushi marar hayaƙi, sai sojoji suka ga wani abin mamaki. Soja zai goge bindigarsa tas, ya shafe ta da mai, bayan 'yan kwanaki ya leƙa bututu ya ga tsatsa ta fito a ƙarƙashin man. Shekaru da dama ana zargin albarushin, ana cewa wani tsami ya ke bari cikin ƙarfe.

A 1922 wani masani mai suna Wilbert Huff, na Hukumar Ma'adinai ta Amurka, ya buga sakamakon bincikensa, ya nuna laifin ba na albarushi ba ne. A gindin ko wane harsashi akwai wata 'yar hula mai ɗauke da maganin ƙyasta wuta, ita ce allurar bindiga ke sara. Maganin da a ke sa mata a zamanin nan, in ya ƙone, ya kan bar wani gishiri ɗan'uwan gishirin miya, ya warwatsu cikin bututu. Mai kuwa ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai ya ke yi. Gishirin yana nan kwance, in iska ta yi laima ya jawo ruwa, ya shiga cin ƙarfe. Maganin abin ashe mai arha ne, watau ruwa. A wanke bututu da ruwa gishirin ya narke ya fita, a busar, sa'an nan a shafa mai.

A ƙarshen shekarun 1920 kamfanonin Amurka suka soma sayar da harsashi mai hular da ba ta barin wannan gishiri, sojan ƙasar kuma suka koma gare shi a farkon shekarun 1950. Amma tsofaffin harsasan soja na waɗansu ƙasashe, musamman waɗanda aka yi a Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta, da yawansu masu gishirin ne, suna kuwa yawo a duniya har yau. Wanda bai san asalin harsashinsa ba, gara ya ɗauka mai gishiri ne.

YADDA TSATSA KE KAMA ƘARFE

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu: ƙarfe, da ruwa, da iskar oksijin, watau iskar nan da ɗan Adam ke shaƙa ya rayu. In aka raba ƙarfe da ruwa da iska, tsatsa ba ta da hanya. Aikin mai ke nan, ya zama shamaki tsakaninsu. Gishiri kuwa shi ne mai zuga, domin ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi saurin ɗaukar wutar lantarki, cin tsatsa kuma wani irin ɗan aikin lantarki ne da ke gudana bisa fuskar ƙarfe. Shi ya sa gumin hannu ya ke da lahani. Yatsan da ya taɓa bututu ya kan bar sawunsa, bayan mako guda a ga sawun ya zama ja.

Muguntar tsatsa ita ce ba ta tsayawa a sama. Ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka ta kan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon wuri ga ruwa. Da haka ta ke haƙa ƙananan ramuka, ramin da ta haƙa kuwa babu man da zai cike shi. Baƙin launin nan da masu ƙira ke yi wa bindiga yana taimako, amma siriri ne ƙwarai, ba ya tsare ƙarfe in babu mai bisansa.

A New York akwai wata hanya da ruwa ke sato jiki ya shiga. Da hunturu ɗan sanda ya kan yini a titi cikin sanyi, bindigarsa ta yi sanyi ƙalau, sa'an nan ya shiga ɗaki mai ɗumi. Nan take sai raɓa ta keto bisa ƙarfen, ciki da waje, kamar yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi in an fito da ita. Wanda bai goge ba, ya ajiye bindigarsa jiƙe bai sani ba.

A ƙasar Hausa maƙiyin ya kan sake kama bisa ga lokaci. Da damina laima ce, musamman cikin watan Agusta. Da hunturu kuwa iska ta bushe, tsatsa ta yi sauƙi, amma ƙura ta zo. Ƙurar hunturu in ta haɗu da mai ta kan zama kamar garin wasa wuƙa, ta riƙa cin sassan da ke gogayya da juna. Akwai kuma zanzaro, wanda ke neman rami ya gina ɗakinsa na laka. Bakin bindigar da aka rataye a bango ya dace da bukatarsa sarai. In aka harba bindigar da bututunta ya toshe, da laka ne ko da tsumma, iskar nan mai ƙarfi ba ta da mafita, sai bututu ya kumbura ko ya fashe a hannun mai shi.

DARASIN DA AKA KOYA DA JINI

Masu cewa bindigar zamani ba ta bukatar shafa, ya kamata su ji abin da ya sami sojan Amurka a yaƙin Biyetnam. A 1966 da 1967 aka raba musu sabuwar bindiga mai suna M16 da yawa. Labari ya bazu cikinsu cewa ita ke share kanta, kayan gogewa kuma ba su wadata ba. Har wa yau an sake irin albarushin da a ke sa wa harsashinta, sabon ya fi barin datti. Ga ƙasar kuma mai ruwa da zafi. Sai mazaunin harsashi ya riƙa tsatsa, kwanso ya maƙale ana tsakiyar faɗa, aka yi hasarar rayuka.

Wasiƙun sojoji suka isa gida, majalisar dokoki ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord, ya ba da rahotonsa cikin watan Oktoba na 1967. Aka gyara bindigar, aka yi wa mazaunin harsashi rufi da ƙarfen kurom wanda tsatsa ba ta kama shi da sauƙi, aka raba kayan gogewa. A 1968 kuma sojan suka buga wani ɗan littafi mai zane-zane yana koya wa soja yadda zai kula da ita. Wanda ya zana shi, Will Eisner, haifaffen Brooklyn ne a birnin New York.

Kishiyar wannan ta auku a Koriya cikin hunturun 1950. Can sanyi ne ya kai matuƙa har man da ke cikin bindigogi ya daskare, suka ƙi motsi. Rashin mai ya yi ɓarna a wuri ɗaya, mai kuma ya yi ɓarna a wani wuri. Ashe ba yawan shafa a ke nema ba, sai shafar da ta dace da wuri da lokaci.

TO, SAU NAWA?

Daga abin da ya gabata amsar ta fito, kashi biyar ce.

Na ɗaya, bindigar toka, da duk wadda aka harba da harsashi mai gishiri. Wannan a wanke ta ran da aka harba ta, kada ta kwana. Ruwan zafi ya fi, domin yana narkar da toka, yana kuma ɗuma ƙarfen ya bushe da sauri.

Na biyu, bindigar zamani da harsashin zamani. Wannan ba za ta lalace a dare ɗaya ba, amma al'ada mai kyau ita ce a goge ta bayan ko wane zuwa harbi, tun dattin bai sandare ba.

Na uku, wadda a ke ɗauka kullum ba a harbawa, irin ta ɗan sanda. Ita gumi da ƙura da zaren tufafi ke damunta. A shafe bayanta da tsumma mai ɗan mai a kai a kai. Kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya, wanda 'yan sandan New York da yawa ke riƙe da ƙirarsa, ya yi umurni a littafinsa a goge bindiga tun tana sabuwa, da bayan ko wane harbi, da kuma aƙalla sau ɗaya a wata ko ba a harba ba.

Na huɗu, wadda ruwan sama ya doka, ko ta faɗa cikin laka ko rairayi. Wannan ba ta jiran ranar ƙa'ida, nan da nan a ke yi.

Na biyar, wadda aka ajiye. A duba ta bayan 'yan watanni, musamman farkon damina da ƙarshenta. Kada a bar ta cikin kuben fata ko a naɗe ta da bargo, domin suna riƙe danshi. Kafin a sake harba ta a share man da ke cikin bututu, a leƙa a tabbata hanya a buɗe ta ke.

Ban da waɗannan, sifirin ya kan gaji, ƙarfe ya kan tsage. Wannan ba aikin tsumma ba ne, aikin gwanin gyaran bindiga ne. Bindigar da aka ga tsaga a jikinta, ko kumburi a bututunta, ko ramukan tsatsa masu zurfi, ba a sake ɗura mata.

HATSARIN DA KE CIKIN GOGEWA

Tun 1971 'yan sandan New York su ke lissafa ko wane harbi da ɗan sandansu ya yi. A cikin rahoton da su ke fitarwa ko wace shekara akwai babi na harbin da ya tashi ba da nufi ba, daga cikinsa kuwa akwai wanda ke aukuwa sa'ad da a ke ɗura harsashi, ko cire shi, ko kwance bindiga. Waɗannan mutane ne da aka horar. Dalilin shi ne, bindiga mai ɗura kanta ta kan riƙe harsashi ɗaya a mazauninsa ko bayan an zare gidan harsasai, waɗansu ire-irenta kuma ba su kwancewa sai an ja kunama. Wanda ya manta da wannan guda ɗaya, shi ne ke harbin ƙafarsa ko na kusa da shi.

Saboda haka tsarin aikin ba ya sakewa. A juya bakin bindiga inda babu kowa. A zare gidan harsasai tukuna, sa'an nan a buɗe mazaunin harsashi, a duba da ido, a taɓa da yatsa. A kai harsasai wani wuri dabam. Mai bindigar toka kuwa ya zura sandar ɗuri ya auna zurfin bututu, domin ɗurin da aka manta da shi ba ya mutuwa don ya daɗe, in kuma aka ƙara wani bisansa, bututu na iya fashewa.

Bayan wannan sai a jiƙa ɗan ƙyalle da maganin wanke bututu, a tura shi daga gindi zuwa baki in ƙirar bindigar ta yarda. Dalili kuwa, leɓen bakin bututu shi ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in sanda ta cinye gefe ɗaya saiti ya karkace. A bi da buroshi, a riƙa sake ƙyalle har ya fito fari, a busar, a shafa mai kaɗan. Kaɗan ɗin nan shi ne wanda zai sa ƙarfe ya yi sheƙi ba tare da ya ɗiga ba. Mai in ya yi yawa ya kan tara ƙura, ya toshe hanyar allura, in kuma ya jiƙa harsashi yana iya kashe hularsa. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, domin in sun daɗe su kan yi danƙo. In babu man bindiga, man keken ɗinki ya fi su. Fetur kuwa a nisance shi, turirinsa yana kama wuta.

Akwai kuma dalma. Baƙin da ke fita daga bututu yana ɗauke da ita, ita kuwa guba ce mai taruwa cikin jiki, ta fi cutar da ƙwaƙwalwar yara ƙanana. A yi aikin inda iska ke shiga, kada a ci abinci ko goro ana cikinsa, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

ABIN DA GIDAN TARIHI KE KOYARWA

A babban gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke New York akwai sashen makamai da sulke, wanda aka kafa a 1912, Bashford Dean ne shugabansa na fari. A nan akwai bindigogin da suka shekara ɗari uku da ɗari huɗu, ƙarfensu yana ƙyalli. Masu kula da su ba kullum su ke gurzarsu ba, hasali ma sun san yawan gurza yana cinye ƙarfe. Abin da su ke yi shi ne tsare laimar ɗaki kada ta hau, da sa safar hannu kafin su taɓa, da rufe ƙarfen da siririn shafe. Sun hana maƙiyi shiga, saboda haka ba su da bukatar korarsa.

Kula da bindiga kuma bai ƙare a tsumma da mai ba. A New York tun dokar Sullivan ta 1911 ba a mallakar bindigar hannu sai da lasin, dokar birnin kuma ta ce a kulle ta in ba ta hannun mai ita. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon hana riƙe ko bindigar toka sai da izini. Bindigar da aka goge tas aka jingine inda yaro zai kai hannu, ba a kula da ita ba.

Jama'a masu sauraro, nan shirin yau ya tsaya. Tokar baƙin albarushi da gishiri ba su kwana a bututu, bindigar ɗauka ba ta wuce wata ba a duba ta ba, ta ajiya kuma a tuna da ita da damina. Kafin kome, a tabbata babu harsashi a ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai rai. A huta lafiya.